Raƙuma Arba'in a Bakin Asibitin Haƙori

Tun ranar Asabar ake ta yaɗawa wai Alƙalin Zukata ya haɗiye littafin soyayya sukutum, mai shafi ɗari uku da goma, har da bangonsa. Wasu sun ce likitoci huɗu ne suka taru a kansa, aka ɗauki hoton cikinsa, aka hango saurayi da budurwa tsaye kusa da hanta suna ban kwana. Wata mai sayar da zare ta rantse ƙanwar maƙwabciyarta tana wurin, kuma da likita ya ɗora masa abin sauraren ƙirji, babi na tara aka ji yana karanta kansa da kansa.

Haba jama'a, a ji tsoron Allah. Wannan ƙage ne, kuma dangi ba za su naɗe hannu ana ɓata sunan babban mutum ba. Alƙali bai haɗiye littafi ba. Alli ya haɗiye. Shi ma rabi.

Ga wanda bai san shi ba, in har akwai mai irin wannan rashin rabo a doron ƙasa, Alƙalin Zukata shi ne mai ɗinkin littafi da ke ƙarƙashin matakalar bene, jikin shagon Anti Mai Haya. Anti tana ba da aron littattafan soyayya. Mutane su ɗauka su je su karanta a kicin, a motar haya, a layin asibiti, su dawo da su duk sun sha shayi da hawaye, bango ya rabu da jiki. Daga nan sai a miƙa wa Alƙali. Yana da tebur mai ƙafa uku da rabi, da allura, da gam, da reza, da katako biyu da yake matse littafi a tsakaninsu ya ɗora tsohon batirin mota a kai. Wannan wuri shi yake kira ofis. In ka ce masa lungu, ranar ba zai amsa gaisuwarka ba.

Sunan kuwa ba wanda ya raɗa masa. Shi ya zauna ya duba cancantarsa, ya ga ta yi yawa, ya je aka sassaƙa masa hatimi mai cewa ALƘALIN ZUKATA YA DUBA. Duk littafin da ya bi ta hannunsa sai ya sha wannan hatimi a ciki. A gida dai mahaifiyarsa har gobe Mai Allura take ce masa, amma ya yi mata uzuri, ya ce ba ta yi zurfi a adabi ba.

Kwat yake sawa ko da rana tana narka kwalta. Yana da tabarau mai igiya wanda gilashinsa bai fi na taga ƙarfi ba, amma in zai yi magana mai nauyi sai ya zame shi zuwa kan hanci. Shekararsa arba'in da huɗu, bai taɓa cewa wata mace ko “sannu da aiki” ba tare da ya yi tuntuɓe da wani abu ba. In an taɓo masa zancen aure sai ya yi murmushin tausayi.

“Na karanta littafin soyayya dubu goma sha ɗaya,” in ji shi. “Babu irin kukan da ban gani a takarda ba. Ni yanzu mace tana buɗe baki na san a babi na nawa muke. Wace ce za ta iya zama da irin wannan ilimi?”

Gaskiya ne, har yau ba a samu ba.

Amma duk wannan ado ne. Ainihin mulkin Alƙali yana bakin ƙofar shagon, inda Anti ta kafa baƙin allo. Kowane wata ana rubuta littattafai biyar da suka cancanci karatu cikin sababbin da suka shigo. Hagu an rubuta NA DA, wato soyayyar zamanin takobi da wasiƙa. Dama an rubuta NA YANZU, soyayyar waya da cunkoson motoci. Wanda ke riƙe da allin rubutun, shi ke faɗa wa unguwa abin da za ta yi wa kuka a wannan wata. Shekara shida allin yana hannun Alƙali. Ba ya ajiye shi a aljihu kamar talaka. A bayan kunne yake soke shi, in kuma tunani ya yi zurfi ya cafke shi da haƙora. Duk ƙarshen shekara masu aro sukan taru su zaɓi mai riƙe alli, kuma shekara shida ba wanda ya yi ƙarfin halin tsayawa da shi, saboda ba wanda ke da lokacin sauraren jawabin da zai biyo baya.

Hukuncinsa a allo gajeru ne, masu ratsa jiki. Wani littafin na da ya rubuta masa: “An yi wata bakwai ana jiran wasiƙa, ta iso a jiƙe. Ya cancanta.” Wani na yanzu: “Cajin wayarsa ya ƙare daidai lokacin da zai faɗi gaskiya. Marubuciyar ta san aikinta.” Wani kuma: “Jarumin ya cika tari. A karanta da haƙuri.” Akwai wanda ya kora daga allon gaba ɗaya don an yi shafi ɗari biyu ba a yi ruwan sama ba. Ya ce masoya ba sa rabuwa a busasshiyar ƙasa, ko ina suka yi karatu.

Yana da wata ɗabi'a ta manyan masana. In ya gama ɗinki sai ya datse gefen littafi da reza don ya yi sumul, kuma hannunsa yana da kyauta, sai ya haɗa da lambar shafi ya datse. Da Anti ta yi ƙorafi, ya zame tabarau.

“Anti, lambar shafi ta 'yan koyo ce. Mai karatun gaske da zuciya yake sanin inda ya tsaya.”

Anti ta ce to. Ita ba ta karanta littafi. Fuskar mai aro take karantawa, in ya dawo ido jawur ta san kaya ya yi kyau.

Ana nan sai aka kawo masa littattafai biyu a rana ɗaya, duka sababbin fitowa, duka sun sha hannu har sun warware. Na farko na da ne, sunansa Damina Uku a Bakin Rijiya: wani ɗan fatake ya ga 'yar maƙeri tana ɗiban ruwa, ya yi mata alkawarin zai je fatauci ya dawo ya aure ta. Na biyu na yanzu ne, Ta Toshe Lambata: wata likitar haƙori da wani mai kai saƙo a babur, suna so suna faɗa. Maɗaba'a ɗaya ta buga su, girma ɗaya, takarda ɗaya. Alƙali ya warware su ɗauri-ɗauri, ya jera a tebur, wannan tari a dama, wancan a hagu.

A nan ya kamata a ambaci fanka. Alƙali yana da wata fankar tebur da ta shekara ba ta motsi, sai taubashinsa, ɗan kawunsa mai gyaran kayan lantarki, ya gyara masa ita kyauta saboda zumunci. Gyaran ya yi kyau ƙwarai. Abin da kawai ya rage shi ne fankar ta koma gudu ɗaya, kuma gudun nan na guguwa ne. Ranar an ɗauke wuta tun safe, Alƙali ya bar ta a kunne ya manta. Yana tsaye yana yi wa wasu mata biyu bayanin bambancin kishi da shauƙi, hannu ɗaya a ƙirji, sai aka kawo wuta.

Takardu suka tashi sama kamar an kori tattabaru.

Da wani ne, da ya tsaya ya duba. Alƙali kuwa ba ya katse jawabi saboda iska. Ya sa ƙafa ya kashe fankar, ya duƙa yana tattara ɗaurin takardu da hannu ɗaya, idonsa a kan matan, bakinsa bai tsaya ba. Ya raba tarin biyu yadda suka zo masa, ya ɗinke da koren zarensa, ya datse gefe har da lambobi, ya manna bango, ya buga hatimi, ya ɗora batiri. Aiki ya yi kyau kamar daga kanti.

Kwana biyu bayan haka ya zauna karanta Damina Uku don ya yanke masa hukunci. Ya bi ɗan fatake har bakin rijiya. Ya ji alkawari. Ya ga ayari ya ɗaga, 'yar maƙeri ta tsaya da tulu a kai tana kallon ƙurar raƙuma har ta ɓace. Ya juya shafi.

Waya ta yi ƙara. Budurwa ta cire safar hannu, ta ce wa mutumin da ke kwance a kujera ya kurkure baki ya tofar.

Alƙali ya ajiye littafin. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya cafki alli da haƙora. Ya daɗe yana kallon ƙasan matakala. Can sai ya buga tebur har ƙafar nan rabi ta goce.

“Allahu akbar! Jira ne ya yi tsawo!”

Ya fito waje yana neman wanda zai gaya wa, ya samu Anti tana goge kantar littattafai.

“Anti, kin san abin da marubucin nan ya yi? Yarinyar nan ta tsaya jiran masoyinta har zamani ya juya. Shekara ɗari uku tana jira! Rijiya ta ƙafe, aka gina asibiti a wurin, ita kuma don kada zaman ya zama na banza ta yi karatun likita. Da ya dawo, raƙuman sun mutu, sai ya zo a babur. Kuma marubucin bai faɗa ba, ya bar wa masu hankali su gane. Mu nawa ne a garin nan za mu gane? Ni kaɗai!”

Anti ta ce, “Za a ara?”

“Za a yi layi.”

Ya goge layin da ya raba allo biyu, abin da bai taɓa yi ba, ya rubuta sunan littafin a tsakiya da manyan baƙaƙe: NA DA NE, NA YANZU NE, NA HAR ABADA NE. LITTAFIN SHEKARA.

Washegari ya ɗauki ɗayan, Ta Toshe Lambata. Likitar haƙori ta yi faɗa da mai babur a wurin ajiye motoci, ta toshe lambarsa, ta shiga ofis tana kuka. Ya juya shafi. Sai ga saurayi ya iso da raƙuma arba'in da takobi a kafaɗa, yana neman mahaifinta a maƙera.

Ran Alƙali ya ɓaci ƙwarai.

“Wannan raini ne ga mai karatu,” in ji shi, ga duk wanda ya tsaya ko bai tsaya ba. “Ina mutum zai ɗaure raƙuma arba'in a bakin asibitin haƙori? Wa zai ba shi izini? Jiya yana kai saƙo a babur, yau ya samu takobi, daga ina? Uban da aka ce mana ɗan fansho ne, yaushe ya koyi ƙira? Irin waɗannan marubuta su ke zubar mana da mutunci.”

A ƙasan allo ya buɗe sabon sashe, shi ma karon farko: KADA A ƁATA LOKACI. Ya rubuta sunan littafin, ya ja masa layi biyu.

Layi kuwa an yi. Damina Uku bai kwana a shago ba tsawon wata biyu. Wanda ya karanta ya ga bai gane ba sai ya yi shiru, tunda an riga an sanar cewa masu hankali ne kaɗai ke ganewa, kuma ba wanda ke son a ga ƙarshen hankalinsa a bakin shagon Anti. Wata tela ta dawo da shi tana share ido, ta ce ita dai abin da ya tsaya mata a rai shi ne ɗan fataken nan bai ko tambayi tulun ba. Alƙali ya ce mata tulun yana nan, ya koma kofin kurkure baki. Ta ce wayyo Allah, ta ƙara fashewa da kuka.

Mutum ɗaya ce ba ta yi kuka ba. Nas, ma'aikaciyar jinya ce da ke aro duk Juma'a in ta tashi aiki, mace marar yawan magana, mai karatu da fensir a hannu. Ta karanta littattafan nan biyu tun suna sababbi, kafin su warware. Da ta ga allo ta tsaya, ta karanta sama, ta karanta ƙasa. Ta ari Damina Uku, ta dawo da shi. Ta ari ɗayan, ta dawo da shi. Sai da taron ƙarshen shekara ya rage mako ɗaya ta gaya wa Anti tana son tsayawa neman alli.

Da labari ya kai ƙarƙashin matakala, Alƙali ya yi dariya har tabarau ya faɗo ya tsaya a igiya.

“Mai auna zafin jiki? Ta bari in auna na zuciya. Kowa da ma'auninsa.”

Asabar da la'asar aka jera benci tsakanin kantoci. Mutum ashirin da uku suka zo, har da taubashi mai gyaran fanka, wanda ya ce shi zumunci ya kawo shi. Alƙali ya miƙe da sabuwar kwat, alli a kunne. Ya yi minti arba'in. Ya faro daga ranar da ya fara riƙe allura, ya bi ta kan littafi dubu goma sha ɗaya, waɗanda a ranar suka zama dubu goma sha biyar, ya sauka a kan littafin shekara.

“Wannan littafi,” in ji shi, ya ɗaga shi sama, “an rubuta shi ne don mutum ɗaya a kowane ƙarni. Na gode wa Allah da ya sa ina raye. Wancan kuwa,” ya nuna ɗayan da haɓa, “ko ƙafar tebur ba zan tokare da shi ba.”

Aka tafa, yawanci don ya zauna.

Nas ta miƙe. Ta ce, “Malam Alƙali, sannu da ƙoƙari. Ni ba ni da jawabi. Anti, a ara mini reza.”

Ta ɗora littattafan biyu a kan teburin Anti, ta buɗe kowanne a tsakiya. Ta sa reza a zare.

“Ke! Ke!” Alƙali ya zabura. “Wannan ba ɗakin tiyata ba ne!”

“Yi haƙuri, Malam, ba zai ji zafi ba.”

Ta yanke zaren wannan, ta yanke na wancan. Ta ɗauki rabin baya na Damina Uku ta ajiye gefe, ta ɗauko rabin baya na ɗayan ta jona a wurinsa. Sannan ta karanta da muryar da take kiran marasa lafiya a layi. Ayari ya ɗaga. 'Yar maƙeri ta tsaya da tulu tana kallon ƙura. Ta juya shafi. Damina ta uku ta sauka, sai ga saurayi ya iso da raƙuma arba'in da takobi a kafaɗa, yana neman mahaifinta a maƙera.

Jama'a suka miƙo wuya suna leƙen littafin.

Tela ce ta fara magana, hannu a ka. “Ashe ya dawo! Ashe ya dawo da raƙumansa! Wata biyu ina zagin bawan Allah a kan tulu!”

Nas ta jona sauran biyun. Likita ta toshe lamba, ta shiga ofis tana kuka, waya ta yi ƙara, ta cire safar hannu ta ce wa mutum ya kurkure baki ya tofar.

Wani daga baya ya ce, “To shekara ɗari ukun fa?”

“Minti goma likitar ta yi tana kuka, wayar ta yi ƙara,” in ji Nas.

Alƙali ya zare alli daga kunne ya cafke da haƙora. Tunani ya yi zurfin da bai taɓa yi ba. Ta gefen allin ya ce maɗaba'a ce ta yi kuskure. Nas ta ɗaga guntun zaren da ta yanke, kore shar, irin wanda ya sha faɗa cewa duk garin shi kaɗai ke ɗinki da shi. Ta buɗe bango biyu, ga hatimi a kowanne: ALƘALIN ZUKATA YA DUBA.

“Da gangan na yi,” in ji shi. “Gwaji ne. Ina son in ga wa zai gane.”

“Shi ya sa ka ce kada a ɓata lokaci da rabinsa?” in ji Anti.

Aka ɗaga hannu. Nas ta samu ashirin da ɗaya. Alƙali ya samu biyu, nasa da na wani dattijo da daga baya ya bayyana cewa ƙuda yake kora. Anti ta miƙa tafin hannu.

“Malam, allin.”

Ya ja dogon numfashi don ya yi jawabin da tarihi zai riƙe. Ya manta abin da ke bakinsa. Aka ji ƙas, aka ga maƙogwaro ya hau ya sauka. Rabin alli ya faɗo ya gangara har gaban takalmin Nas, ɗaya rabin kuwa ya tafi inda ba zaɓe. Nas ta duba idonsa, ta ce ba abin da zai same shi, a ba shi ruwa. Likitoci huɗun da ake ta faɗa, kofin ruwa ɗaya ne.

Da rabin allin nan ta mayar da layin da ya raba allo. Ta sa Damina Uku a hagu, Ta Toshe Lambata a dama, ta rubuta a ƙarƙashin kowanne: “Yana da daɗi, in an karanta shi shi kaɗai.” Ta bi shafukan duka da fensir ta sa musu lamba, a tsakiyar takarda inda reza ba ta kaiwa, ta kai wa Alƙali ya sake ɗinkewa.

Ranar Litinin taubashi ya biya ta ƙarƙashin matakala don ya duba jikin ɗan uwa. Ya same shi a duƙe, kunne ba alli, yana ɗinki da ƙarfi kamar littafin ne ya yi masa laifi, ya riga ya haɗa bakin hannun kwat ɗinsa da babi na huɗu bai lura ba. Taubashi ya ga haka, ya ga kuma ba ladabi ba ne a katse babban mutum yana aiki.

“Ranka ya daɗe, Alƙali,” in ji shi, ya cire hula ya rusuna. “Ya cikin? An ce tun Asabar in ka yi tari sai rubutu ya fito. Na zo ne a kan maganar filin ajiye raƙuma. Asibiti sun ce arba'in sun yi yawa, ko za a fara da goma, sauran su jira shekara ɗari uku?”

Alƙali bai ɗago ba. Ya jawo wani shafi daga tarin, ya juya shi ya tura gaban taubashi. Shafin ya kumbura ya yi tabo a tsakiya, daidai inda ake kurkure baki.

“Sau biyu ka ari Damina Uku,” in ji shi. “Ka dawo mini nan ido kamar an zuba barkono, kana tambaya ko akwai na biyu. Ni aƙalla takarda na haɗa ba daidai ba. Kai mutum aka ce ya tofar da ruwa, ka zauna ka yi masa kuka har da majina. Ɗauki fankar da ka gyara ka ba ni wuri.”